Gudan Jini a Ƙafa da Sharuɗɗan Maganinsa

Kowa ya san jini yana daskarewa. In an yanka rago jinin ya zuba ƙasa, kafin a gama fiɗa ya zama guda-guda kamar hanta. In lauje ya yanke ka a gona, jini ya ɗan zuba, jim kaɗan sai ya tsaya, ɓawo ya rufe wurin. Wannan daskarewa rahama ce. Ba domin ita ba, da ƙaramin rauni ma ya isa ya kashe mutum.

Amma wani lokaci jini yakan daskare inda bai kamata ba, watau can cikin jijiya, alhali babu rauni a waje. Wurin da ya fi yin haka shi ne manyan jijiyoyin ƙafa, waɗanda ke ɓoye cikin tsoka, ido ba ya ganinsu. Wannan ita ce cutar da za mu yi magana a kanta. Tana da magani, kuma yawancin waɗanda suka je asibiti da wuri suna warkewa su koma aikinsu. Sai dai maganin yana da sharuɗɗa, tilas mai shansa da mutanen gidansa su san su.

YADDA JINI KE KOMOWA DAGA ƘAFA

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, watau galan guda da 'yan kai. Zuciya ce ke tura shi ko'ina. Zuwa ƙafa ba wuya, gama gangara ce. Komowa ita ce aiki, gama hawa ne.

Abu biyu ke taimakon jini ya hau. Na fari tsokar sha-raɓa. Duk lokacin da ka taka ƙasa, tsokar nan ta matse jijiya, jini ya yi sama, kamar yadda maƙeri ke matsa zuga-zugi iska ta fita. Na biyu, cikin jijiyar akwai waɗansu 'yan ƙofofi masu buɗewa waje ɗaya kawai. Jini ya wuce su rufe, ba ya iya komawa baya.

Masu lambu sun san ruwan da ke gudu a hanyarsa ba ya tara laka. Ruwan da ya kwanta shi ke tara ta. To, haka jini yake. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya binciki al'amarin nan, ya buga abin da ya gano a shekarar 1856. Daga aikinsa ne likitoci suka tsamo dalilai uku masu kawo gudan jini: jini ya daɗe bai gudu sosai ba, ko jijiya ta ji rauni daga ciki, ko jinin kansa ya sake hali ya riƙa saurin daskarewa.

Saboda haka cutar ta fi samun waɗannan mutane:

Wanda ciwo ya kwantar da shi kwana da kwanaki.
Wanda ya karye a ƙafa aka yi masa ɗori, ko wanda aka yi wa babban aiki a asibiti.
Mai ciki, da mai jego, tun ba ma cikin mako 6 na farko bayan haihuwa ba. Mako 6 kwana 42 ke nan, kusan daidai da arba'in ɗin da muka sani.
Wanda ya zauna a takure fiye da awa 4 cikin mota ko jirgin sama.
Mai ciwon daji, da mai amosanin jini, da mai tarin fuka, da mai ƙiba da yawa, da tsoho.
Mace mai shan wani irin ƙwayar tazarar haihuwa. Ba duka ke kawo haka ba, malamar asibiti ta san waɗanda ke kawowa.

YADDA AKE GANE SHI

Ƙafa ɗaya ce takan kumbura, ba biyu ba. Sha-raɓa ko cinya ta yi nauyi, ta yi zafi in an taɓa, tana ciwo kamar tsoka ta ɗaure, abin kuwa ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba tundurmi ba ne, gama tundurmi a hankali yake girma shekara da shekaru.

In kun ga haka, kada a yi tausa, kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho. A tafi asibiti ran nan. Can akwai na'urar da ake ɗorawa bisa fata, irin wadda ake duba mai ciki da ita, ta nuna inda jini ya tsaya.

Dalilin gaggawa shi ne wannan. Gudan jinin yana iya ɓallewa, ya bi jijiya ya ratsa zuciya, ya je ya toshe hanyar jini cikin huhu. Sa'an nan numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka in an ja numfashi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani ya yi tari da jini, wani ya suma. Wannan yana kisa cikin ɗan lokaci. Mai irin waɗannan alamu ba a jira gari ya waye da shi. A nemi mota ko da tsakar dare ne.

ABIN DA MAGANIN KE YI

Mutane suna ce da shi maganin tsinka jini. Sunan nan yana ruɗin waɗansu, su zaci jininsu zai zama ruwa, ko zai ragu. Ba haka ba ne. Jini yana nan da yawansa da kaurinsa. Abin da maganin ke yi shi ne ya sa jini ya yi jinkirin daskarewa.

Ku lura da wannan ƙwarai: maganin ba ya narkar da gudan da ya riga ya tsaya. Hana shi girma yake yi, ya kuma hana wani sabo fitowa. Jiki ne da kansa ke cinye tsohon gudan a hankali, cikin makonni da watanni. Kamar mai gadin shinge ne: ba shi ke nome gonar ba, amma yana tsare ta har mai gona ya gama aikinsa. In mai gadi ya tashi tun aiki bai ƙare ba, dabbobi su koma.

Don haka ba a shan maganin nan ƙasa da wata 3. In dalilin cutar ya wuce, kamar karaya ko aikin asibiti, sau da yawa wata 3 ya isa. In ba a san dalili ba, ko dalilin yana nan, ko cutar ta taɓa zuwa a da, likita yakan ƙara watanni, wani ma ya sha har iyakar ransa.

Magungunan iri uku ne. Akwai allura mai suna hefarin, wadda aka gano a Amurka a 1916. Ita tana kama aiki nan da nan, akan yi ta ƙarƙashin fatar ciki. Akwai ƙwaya mai suna warfarin. Ita sai ta yi kwanaki kafin ta kama, shi ya sa akan haɗa ta da allura har kwana 5 ko fi. Sa'an nan akwai sababbin ƙwayoyi da suka soma fitowa daga 2008, kamar ribaroksaban da afiksaban. A jikin kwalinsu akan ga an rubuta Xarelto ko Eliquis. Sun fi warfarin sauƙin sha'ani, amma sun fi ta tsada.

LABARIN SHANU DA RUƁAƁƁIYAR CIYAWA

Asalin warfarin daga garke ne. Cikin shekarun 1920 wata cuta ta faɗa wa shanu a arewacin Amurka da Kanada. A yanke wa saniya ƙaho, ko a dandaƙe bijimi, sai jini ya ƙi tsayawa har dabba ta mutu. Wani likitan dabbobi a Kanada, Frank Schofield, ya gano cutar daga abinci take. Manoman can suna tara wata ciyawa dangin harawa don dabbobi su ci da hunturu. In ta jiƙe ta yi fumfuna, sai ta zama dafi.

A 1933 wani manomi a jihar Wiskonsin ya gaji da hasara. Ya ɗora mushen karsana a mota, da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, da damin ciyawar, ya kai jami'ar jihar. Can ya gamu da wani masani, Karl Link. Link da almajiransa suka duƙufa shekara da shekaru, a 1940 suka san ko mene ne dafin, har suka iya haɗa shi da hannunsu. Daga danginsa aka yi warfarin. A 1948 aka fara sayar da ita don kashe ɓera. Daga baya likitoci suka ga in an auna ta daidai tana ceton rai, a 1954 aka yarda a ba mutane. A 1955 aka ba shugaban Amurka, Eisenhower, bayan ya yi ciwon zuciya.

Mun kawo labarin nan don ku ga abu guda. Abin da ya kashe shanu shi ne ya ceci mutane, bambancin kawai awo. In maganin ya yi kaɗan, guda ya komo. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. Kamar gishiri ne a miya, sai dai kuskurensa ba a baki yake tsayawa ba. Maganin ɓera na kasuwa kuwa guba ne, ko kusa ba ya zama madadin na asibiti.

AWON JINI

Mutum biyu ba su cika shan warfarin daidai wa daida ba. Abin da ya ishi wani ya yi wa wani yawa. Saboda haka ake ɗiban jini kaɗan a auna. Likitoci suna kiran awon nan INR. Na mai lafiya wanda ba ya shan magani yana wajen 1. Na mai wannan cuta ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya kasa 2, maganin bai isa ba. In ya haura 3 da nisa, akwai tsoron zubar jini.

Da fari akan yi awo kowane 'yan kwanaki. In ya daidaita, sai a riƙa yi wajen sau ɗaya a wata. Za a ba ka kati a rubuta lambar awo, da yawan ƙwayar da za ka sha, da ranar komowa. Ka riƙe katin nan a aljihu duk inda za ka. Masu shan sababbin ƙwayoyi ba su bukatar wannan awo, amma akan duba lafiyar ƙodarsu lokaci lokaci.

SHARUƊƊA BAKWAI

1. Ka sha kullum, a lokaci ɗaya. Ka ɗaura shi ga abin da ba ka mantawa, kamar tuwon dare. Ribaroksaban tare da abinci ake shansa. Ƙarfin sababbin ƙwayoyin nan yana fita daga jiki cikin kamar kwana guda, don haka fashi ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne.

2. In ka manta da warfarin ka tuna a ranar, ka sha. In sai da gari ya waye ka tuna, ka bar na jiya, kada ka ninka. Game da sauran ƙwayoyin, ka tambayi likita tun ranar farko abin da za ka yi in ka manta.

3. Kada ka bari magani ya ƙare. Ka komo da saura na mako guda a hannu. In damina tana yanke hanyar garinku, ka faɗa a ba ka mai yawa tun ruwa bai sauka ba. In kuɗi ne suka gaza, ka gaya wa likita gaskiya, watakila ya mai da kai kan mai araha. Ka saya a asibiti ko kantin magani mai rajista, ba a tire ko bayan keke ba.

4. Kada ka haɗa shi da wani magani sai da izini. Asfirin, da ibufurofen, da dikulofenak, da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, duk suna jawo zubar jini a ciki. In kanka ko jikinka yana ciwo, farasitamol ya fi dacewa. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi ainun. Wani maganin tarin fuka kuwa rage mata ƙarfi yake yi. Jiƙo da tsimi da saiwoyi ba wanda ya auna abin da ke cikinsu, a ajiye su. Giya da burkutu ma haka.

5. Ka yi nesa da aska. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire beli. Ka gaya wa wanzaminka kana shan maganin nan, in za a yi aski a yi da almakashi ko inji. Kada ka yarda a yi maka allura a tsoka, ko a cire maka haƙori, sai ka nuna katinka. Asuwaki ma a samu mai taushi.

6. Ka kiyayi faɗuwa da buguwa. Dambe da kokawa da hawan itace su dakata. In za ka hau babur ka sa hular kwano. In za ka gona ka sa takalmi.

7. Ka ɓoye maganin inda hannun yara ba ya kai. Kada ka ɗiba wa maƙwabci don ƙafarsa ta kumbura, gama ba kowane kumburi ne gudan jini ba.

ABINCI DA AZUMI

Cikin ɗanyen ganye akwai wani sinadari, bitamin K, wanda jiki ke aiki da shi wajen daskarar da jini. Warfarin da shi take kokawa. Alayyafo, da zogale, da kabeji, da sauran ganyayen miya suna da shi. Ba a ce ka daina cin ganye ba, abinci ne mai amfani. Abin da ake so shi ne ka ci yadda ka saba, kada yau tuli gobe babu. A ce mutum ya yi rani bai ga ganye ba, damina ta sauka ya shiga cin kwaɗon zogale safe da yamma. Awonsa zai faɗi. Irin wannan sai ya je a sāke auna shi. Masu shan sababbin ƙwayoyi ba ruwansu da wannan ƙa'ida.

Mai niyyar azumi ya ga likita tun watan bai kama ba, a shirya masa lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Ya kuma sha ruwa sosai da dare.

MAGANA GA MATA

Warfarin tana lahanta ɗan da ke ciki, tun ba ma cikin watanni ukun farko ba. Sababbin ƙwayoyin ma ba a ba mai ciki. Mace mai shan ɗayansu in ta ga batan wata, ta je asibiti nan da nan a mai da ta kan allurar hefarin, wadda ba ta isa wurin ɗan. Za ta ci gaba da allura har haihuwa, sa'an nan ta ci gaba da magani aƙalla mako 6 bayanta. Lalle ne ta haihu a asibiti. Mai shayarwa tana iya shan warfarin ko ta yi allura, ba ya cutar da jariri. In jinin al'ada ya yi yawa fiye da kima, a faɗa wa malamar asibiti, ba abin kunya ba ne.

Mai jego kuma kada ta wuni kwance a gado. Ta riƙa tashi tana zagawa cikin gida.

IN JINI YA ƁALLE

Ƙaramin yanka, a danne shi da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa. Kada a zuba ƙasa ko toka. In haɓo ne, mutum ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse hanci minti 10. In bai tsaya ba, sai asibiti.

Waɗannan kuwa ba a jira da su ko kaɗan: bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko mai jini, fitsari ja, aman jini, ciwon kai mai tsanani wanda ba a saba ba, ruɗewa, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu. Wanda ya bugu a ka, ko da ya tashi ya ce lafiya lau, a kai shi, gama jini yana iya tsiyaya cikin kai ba a gani. Asibiti suna da abin da ke karya ƙarfin maganin, muddin an zo da wuri.

ƘAFAR DA TA YI CIWO

A da akan kwantar da mai wannan cuta kwana da yawa. Daga baya aka gane tafiya ta fi. Da zarar an fara magani likita ya ba da izini, sai ka soma takawa, yau zuwa ƙofar gida, gobe zuwa dandali, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. In ka zauna, ka miƙe ƙafar bisa kujera ko buhu. In ka kwanta, ka sa matashi ƙarƙashinta. In tafiya mai nisa ta kama, ka riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, in mota ta tsaya ka sauka ka zaga.

Ciwo da kumburi sukan ragu cikin 'yan makonni. Amma waɗansu, gudan yakan ɓata 'yan ƙofofin nan da muka ambata. Sai ƙafa ta riƙa nauyi da yamma, fatar idon sawu ta yi duhu, wani har gyambo ya fito. Akwai doguwar safa mai matsewa da ake aunawa a asibiti, tana rage kumburin. A riƙa shafa mai kada fata ta tsage, in ƙurji ya fito a nuna shi tun yana ƙarami.

Ga inda mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Bayan mako 2 ko 3 ƙafa ta saɓe, mutum ya ji garau, ga aikin gona yana jira, ga kuɗin magani da na mota. Sai ya ce ya warke, ya ajiye ƙwaya. Alhali kuwa gudan yana nan ciki bai gama narkewa ba, watannin farko kuwa su ne cutar ta fi komowa a cikinsu. Ba ƙafa ce ke sallamar mutum ba, likita ne. Ko bayan an sallame ka, ka riƙe alamun nan a ka, gama cikin mutum 10 da suka yi cutar, wajen 3 takan komo musu kafin shekara 10. Duk ran da za a yi maka aiki, ko ciwo ya kwantar da kai, ka faɗa ka taɓa yin ta.

Wanda ya ji wannan darasi ya kai wa na gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI

1. Wane abu biyu ke taimakon jini ya komo daga ƙafa?
2. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, me za a yi, me kuma ba za a yi ba?
3. Maganin yana narkar da gudan jini? To, me yake yi?
4. Wata nawa ne mafi ƙaranci na shan maganin?
5. Tsakanin wace lamba da wace ake so awon mai shan warfarin ya tsaya?
6. Faɗi abu uku na aikin wanzami da mai shan maganin zai bari.
7. Wa ke da ikon cewa a daina shan maganin?